Faifan Halama

Daren Alhamis, a hawa na uku, a birnin Brno,
muka taru a ɗakin Bohumil mai gyaran agogo.
Ƙanƙara na narkewa a bakin taga,
jirgin titi na wucewa a ƙasa, kofunan shayi na rawa.
Ya hure allurar garmaho, ya ɗora faifan,
ya ce kada wanda ya tanka sai an kai ƙarshe.

Ba mu kai ba.

Kashi na biyu ne ya raba mu.
Lubor ya fara, shi da ko a layin burodi ba ya haƙuri:
"Wannan jana'iza ce.
An rubuta tafiya, Halama ya mai da ita rarrafe.
Minti goma sha ɗaya kowane madugu ke yi,
nasa sha huɗu da rabi.
Bohumil, kai ne mai agogo, faɗa musu."

Bohumil ya ce agogonsa goma sha biyu a bango,
babu biyun da suka taɓa yarda da juna,
kuma bai kori ko ɗaya ba.

Zdenka, tsohuwar malamar lissafi,
faifai bakwai take da su na wannan simfoni,
ta jera su a kanta kamar 'ya'yan da ta aurar.
Ta ce sauran shidan sauri suke
kamar masu tsoron motar ƙarshe ta tashi.
"Shi kaɗai ya bar gogen ya gama magana.
Ku ji yadda ƙahonin tagulla ke ja da baya,
yadda gangar ke tafe a kan yatsun ƙafa.
Mutumin nan ya san rashi.
Da shi na kwana ranar da muka binne innata."

"Ya san barci dai," in ji Lubor.

Ni ban ce komai ba, ina ɓare lemo.
Kunnena bai kai nasu ba,
abin da na sani, duk lokacin da aka zo wurin nan
sai in manta abin da ke hannuna.

Can a kusurwa, kusa da murhu,
Vlasta ta ajiye saƙarta.
Shekara uku tana zuwa, ba ta taɓa sa baki ba.
Ta ce, "Algaitar nan da kuke ji, ni ce."

Agogunan suka ci gaba da musunsu. Mu muka yi tsit.

"Watan Janairu ne. Bututun ɗumama zauren ya fashe.
Da riguna biyu-biyu muka zauna,
numfashinmu na tashi fari a gaban takardu.
Yatsun masu goge sun ƙi lanƙwasuwa.
Halama ya dube mu, hancinsa ja kamar barkono,
ya ce, a hankali, yara, yadda hannu zai iya.
Sau ɗaya muka ɗauka, muka ruga neman miya mai zafi.
Daga baya jaridu suka ce baƙin ciki ne."

Lubor ya buga cinya yana dariya har da tari.
Zdenka ta cire tabarau, ta daɗe tana goge shi.
"To hawayen da na yi fa? Na bututu ne?"

Vlasta ta ɗauki saƙarta.
"Sanyin namu ne, hawayen naki.
Ban zo karɓa ba."

Bohumil ya mai da allurar baya kaɗan.
Ya ce mu matso.
Kafin algaitar ta shiga, ƙasa da ƙarar faifan,
akwai wani ɗan sauti da muka sha ɗauka ƙura ce:
yarinya 'yar shekara ashirin da uku
tana jan iska mai sanyi cikin ƙirjinta.

Lubor ya duba agogon hannunsa, ya buɗe baki,
sai ya ce a miƙo masa lemo.